Yadda ake zaɓen manhajar da za ta gano mai leƙen asiri a kwamfutar gida, ta kuma fitar da shi

Cikin azumin da ya wuce ƙanwata, wadda ke karatu a jami'a nan Damagaram, ta shigo mini da kwamfutarta a hannu, idonta ya yi ja. Ta ce, "Yaya, wani yana magana da sunana a Facebook. Ya rubuta wa Gwaggo wai ina kwance asibiti, a turo kuɗi." Ta rantse ba ta taɓa ba kowa kalmar sirrinta ba, kuma na yarda da ita. Da muka kunna na'urar sai na tarar da antibirus har uku a ciki. Ɗaya tun daga ƙasar da aka yi amfani da kwamfutar ya taho, kafin ta zama gwanjo, lasisinsa ya daɗe da ƙarewa. Na biyu mai gyara ne ya ɗora mata ranar da ya saka mata Office na kyauta. Na uku ita ta sauke da hannunta, wata rana da wani shafi ya cika mata allo da jan rubutu yana cewa kwamfutarta ta kamu. Duk cikin ukun babu mai gadinta, na ukun ma shi kansa cuta ne.

Mutanenmu suna ɗauka yawan antibirus shi ne tsaro. Ni abin da na gani ya koya mini cewa mai gadi ɗaya ake buƙata, wanda ke farke kullum ana sabunta shi, sai mai bincike na biyu da ake kira idan an yi zargi, kuma dukansu daga gidan masu su za a ɗauko.

Me ake nema tukuna

Manhajar leƙen asiri ba irin birus ɗin da ke lalata fayil a gani ba ce. Ita so take kwamfuta ta ci gaba da aiki lafiya lau, don ta daɗe a ciki. Akwai mai rubuta duk harafin da ka danna a madannai ta aika wa ubangidanta. Akwai mai kwashe kalmomin sirrin da ka ajiye a Chrome ko Edge, tare da ƴan bayanan da ke sa Facebook da Gmail su gane ka ba tare da sun sake tambayarka ba. Wannan cikin ƴan daƙiƙoƙi take gama aikinta, kuma irinta ce ta cinye ƙanwata. A watan Mayu na 2025 kamfanin Microsoft ya ce ya gano kwamfutoci sama da 394,000 a duniya da ɗaya daga cikin irin waɗannan, mai suna Lumma, ta shiga cikin wata biyu kacal. Akwai kuma mai cika burauza da talla tana bin sawun shafukan da ka ziyarta, wadda ta fi yawa amma ta fi sauƙin cirewa. Sai wadda wani na kusa da kai ya ɗora da gangan don ya ga abin da kake yi. Zan dawo kan wannan.

Nauyin kwamfuta kaɗai ba shaida ba ce. A zafin Afrilu da Mayu, kwamfutar da aka ɗora kan katifa ƙura ta toshe mata fanka za ta yi nauyi ko ba kowa a ciki. Alamun da nake ɗauka da gaske su ne: forfe yana ƙarewa ba ka san inda ya tafi ba, shafin farko na burauza ya sauya da kansa, baƙar taga tana walƙawa ta ɓace idan an kunna na'ura, saƙo ya zo cewa an shiga akawun ɗinka daga wata ƙasa, ko ka tarar an kashe kariyar Windows ba kai ka kashe ba.

Mataki na farko: tsaya, kada ka rubuta komai

Daga lokacin da ka yi zargi, kada ka sake shigar da kalmar sirri a wannan kwamfutar. Kashe wifi, ko ka yanke intanet ɗin da ka raba mata daga wayarka. Za ka sake haɗa ta na ɗan lokaci idan an zo sabunta manhajar bincike, amma ba don shiga Facebook ba.

Mataki na biyu: san Windows ɗin da ke hannunka

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta winver, ka danna Entrée. Abin da ya fito shi zai faɗa maka kayan aikin da za su yi maka.

Idan Windows 11 ne, ko Windows 10, kana da antibirus na gaske a ciki tun asali, Microsoft Defender. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, amma Defender ɗin da ke cikinsa yana ci gaba da karɓar sabon jerin cututtuka, saboda haka binciken da zan bayyana zai yi aiki. Idan kuwa Windows 7 ne, wanda har yanzu ake gani a shagunan buga takardu da wasu gidaje, an daina toshe ƙofofinsa tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma ya daina sabuntuwa a kansa tun farkon 2023. Babu antibirus ɗin da zai gyara wannan. Irin wannan na'urar a bar ta ga rubutu da buga takarda, kada a shiga akawun da ita, ko a ɗora mata Linux Mint, wani tsari na kyauta da ke maye gurbin Windows, idan akwai wanda ya iya.

Mataki na uku: yadda nake auna manhaja kafin in yarda da ita

Nan ne mutane suka fi faɗawa rami, don haka zan daɗe a nan.

Abu na farko, wa ya kira wa? Manhajar kirki kai kake zuwa nemanta. Duk wadda ta faɗo maka a allo tana ƙirga maka birus talatin da ta "gano", tana ƙara, tana cewa ka danna yanzu ko ka kira wata lamba, ƙarya ce. Shafin intanet ba shi da ikon binciken cikin kwamfutarka haka kawai. Rufe burauzar, idan ta ƙi rufuwa danna Alt da F4.

Na biyu, daga ina aka ɗauko ta? Rubuta adireshin kamfanin da hannunka: microsoft.com, malwarebytes.com, eset.com, emsisoft.com. Kada ka danna sakamakon farko na Google idan an rubuta cewa talla ne, domin ɓarayi suna sayen wannan wurin su sa shafi mai kama da na asali. Antibirus ɗin da ke cikin kilen USB na mai gyara, wanda aka fasa don kada ya nemi kuɗi, shi ne mafi haɗari duka: ka ɗauko mai gadi daga hannun wanda ba ka san shi ba, ka kuma miƙa masa makullin kowane ɗaki.

Na uku, wa ya gwada ta? Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu ke nan: AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya. Suna sakin cututtuka na gaske kan manhajojin su ga wadda ta kama, wadda ta yi kuskuren kama fayil mai lafiya, da wadda ta nauyaya na'ura, kuma sakamakon yana shafinsu kyauta. Idan sunan manhaja bai taɓa fitowa a wurinsu ba, ni ba na ba ta gadin gida. Defender yana cikin waɗanda ake gwadawa, kuma shekarun nan yana fitowa kafaɗa da kafaɗa da na sayarwa.

Na huɗu, me take ci? Yawancin kwamfutocin da ke gidajenmu gwanjo ne masu RAM giga 4. Manhajar da ta zo da VPN, da mai "ƙara gudu", da mai share shara, da burauzarta ta kanta, za ta zauna kan na'urar kamar buhun gero. Tana kuma cin forfe.

Na biyar, ita kanta me take yi da bayananka? Wannan ba zargi ne na banza ba. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kare masu saye ta Amurka ta ci kamfanin Avast tarar dalar Amurka miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi suka ziyarta, ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Kyauta tana da inda take fanshewa. Idan ka zaɓi antibirus na kyauta ban da Defender, shiga saitinsa ka kashe duk abin da ya shafi raba bayanai.

Da wannan ma'auni, ga abin da nake ajiyewa. Mai gadi na kullum, Defender. Wanda ke son wani daban, Bitdefender na kyauta ba shi da yawan surutu, amma ɗaya tak za a ɗora, domin biyu masu gadi lokaci guda rigima suke yi da juna su daskarar da na'ura. Mai bincike na biyu, Malwarebytes na kyauta: zai ba ka gwajin na kuɗi na ƴan kwanaki, bayan nan ya koma mai bincike idan an kira shi, kuma haka ake so. Don talla da shara ta burauza, AdwCleaner, ƙaramar manhaja da aka fara ƙirƙira a Faransa, Malwarebytes ta saye ta a 2016. Ba a girka ta, dannawa kawai ake yi, kuma ba ta cin forfe sosai. Don kwamfutar da ta ƙi barin a ɗora mata komai, Emsisoft Emergency Kit, wadda ke aiki daga kan kile. Akwai kuma Microsoft Safety Scanner, sai dai kwana 10 bayan saukewa take daina aiki, saboda haka kada ka karɓi wadda ta kwana wata uku a kilen wani.

Smadav fa, da kusan kowane shagon siber ke da shi? Na Indonesiya ne, kuma yana da amfani wajen cutar kile. Masu shi da kansu suna kiransa kariya ta biyu. Kada a bar shi shi kaɗai.

Mataki na huɗu: share fage

Idan zai yiwu, sauke kayan nan da wata kwamfuta mai lafiya, ka zuba a kile da aka goge tas. Wanda forfe ya yi masa tsada, Microsoft tana da fayil mai suna mpam-fe.exe a shafinta, wanda ke sabunta Defender ba tare da intanet ba. A sauke shi inda akwai wifi a kawo gida ranar.

Sai ka shiga Paramètres, Applications, ka jera manhajoji bisa ranar da aka ɗora su. Cire duk tsohon antibirus da lasisinsa ya ƙare, cire duk wanda ba ka san shi ba kuma ranarsa ta yi daidai da lokacin da matsala ta fara. Idan kana shakkar wani suna, bincika shi a wayarka kafin ka cire, kada ka goge abin da ke sa sauti ko wifi aiki. Kashe na'ura ka sake kunnawa.

Yanzu buɗe Sécurité Windows, wato Windows Security a na'urorin da aka shigo da su daga Kano da Turanci. Shiga Protection contre les virus et menaces, sannan Gérer les paramètres. Tabbatar kariya ta nan take a kunne take, haka ma Protection contre les falsifications, wadda ke hana wata manhaja kashe Defender ta bayan fage. Gangara ƙasa zuwa Exclusions. Wannan wurin mutane da yawa ba su san da shi ba, alhali nan ne ake ɓoye ɓarna. Jerin wuraren da aka ce wa Defender kada ya duba ne. Masu gyara suna sa folda a nan don kada ya goge musu abin da ke kunna Windows ko Office na sata, irin su KMSPico, wanda an sha samun jabunsa ɗauke da masu kwashe kalmar sirri. A kwamfutar ƙanwata duk faifan C aka sa a ciki. Ma'ana mai gadin yana zaune a ƙofa, amma an ce masa gidan gaba ɗaya ba ruwansa. Goge duk abin da ka tarar a wurin.

Mataki na biyar: binciken kansa

Jona caja, kuma ka fara lokacin da batir ya cika, don wuta tana iya ɗaukewa a tsakiya. Ɗora kwamfutar kan tebur ko faranti, ba kan katifa ba.

Sabunta Defender, sannan a Options d'analyse zaɓi Analyse complète. A tsohon faifai yana iya cin awa biyu ko fiye, ka bar shi. Idan ya gama, koma wuri ɗaya ka zaɓi binciken da ke ɗauke da hors ligne ko hors connexion. Wannan zai kashe na'urar ya bincike ta kafin Windows ya tashi, lokacin da cutar ba ta farka ta ɓuya ba; kamar minti 15 yake ɗauka. Wasu na'urorin Windows 11 faifansu a kulle yake da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanai, suna iya neman dogon makulli mai lamba 48 idan sun tashi, saboda haka duba shi a akawun ɗinka na Microsoft ta waya ka rubuta a takarda kafin ka fara.

Bayan nan Malwarebytes, sannan AdwCleaner. Duk abin da suka kama, zaɓi killacewa, Quarantaine, maimakon gogewa nan take, domin idan kuskure ne za a iya dawo da shi. Rubuta sunan abin da aka kama a takarda. Idan ka ga kalma irin Stealer, Spy, Keylogger, PSW ko Backdoor a cikin sunan, ka ɗauka cewa duk kalmar sirrin da ta taɓa shiga wannan na'urar ta fita.

Idan manhajar bincike ta ƙi buɗewa, riƙe Shift ka danna Redémarrer, bi Dépannage, Options avancées, Paramètres, ka sake tayar da ita ka danna 4. A wannan yanayin Windows ba ya tayar da yawancin manhajoji, sai ka yi binciken daga kile.

Fayil guda da kake shakka, kai shi virustotal.com, inda injinan bincike kusan 70 za su duba shi. Ɗaya ko biyu su yi ja, yana iya zama kuskure. Goma sha biyar su yi ja, magana ta ƙare. Amma kada ka ɗora takardar sirri ko hoton iyali a can, domin abin da aka ɗora masu bincike suna iya ganinsa.

Mataki na shida: burauza da kile

A Chrome rubuta chrome://extensions, cire duk ƙaramar manhajar da aka liƙa wa burauzar wadda ba kai ka sa ba. Shiga saitin sanarwa ka hana shafukan da ba ka sani ba, don yawancin saƙon "kwamfutarka ta kamu" da ke fitowa a kusurwar allo daga nan yake. Sannan ka mayar da saitin burauzar yadda ya zo. Wata dabara da ta yaɗu kwanan nan: shafi ya ce ka tabbatar kai mutum ne ta hanyar danna Windows da R, sannan Ctrl da V, sannan Entrée. Kada ka yi. Da hannunka kake ɗora wa kanka cutar.

Kilen da ya je shagon buga takarda ya dawo fayilolinsa sun zama ƴan gumaka masu kibiya, kada a danna ko ɗaya. Bincike shi da Defender, goge gumakan, sannan ka nemi Invite de commandes, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka sa harafin kilenka a madadin E. Fayilolin na gaske za su fito daga ɓoye.

Mataki na bakwai: wanda ba a tsallakewa

Cire manhajar ba ya dawo da abin da ta riga ta aika. Ɗauki wayarka, ko wata na'ura mai lafiya, ka fara da Gmail ko duk imel ɗin da sauran akawun ke rataye da shi, domin wanda ya riƙe shi zai iya sake ƙwace sauran. Sauya kalmar sirri, sannan ka fitar da duk na'urorin da ke ciki. Wannan na biyun wajibi ne, don ɓarawon da ya kwashi bayanan burauza yana iya zama a ciki ba tare da ya san kalmar ba. Duba ko an sauya lambar waya ko imel na dawo da akawun. Haka za ka yi a Facebook. A WhatsApp shiga Appareils connectés ka fitar da duk abin da ba ka gane ba, ka kuma sa lambar sirri mai lamba 6. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a ko'ina. Sannan ka sanar da dangi cewa duk saƙon neman kuɗi da ya zo da sunanka a kwanakin nan, su kira ka su ji muryarka tukuna.

Idan na gida ne ya ɗora

Wannan ya bambanta, kuma ina roƙon a yi hattara. Idan kina zargin wanda kuke zaune tare ne ya sa miki manhajar sa ido, cire ta na iya sanar da shi cewa kin gane. Idan akwai tsoron cutarwa, kada ki taɓa komai tukuna. Ɗauki hoton abin da kika gani da wata waya, ki yi magana da wanda kika amince da shi cikin manyanki ta hanyar da ba ta bi ta wannan kwamfutar ba. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun Yulin 2019, kuma shiga na'urar wani ba da izininsa ba yana cikin abin da ta hana. Bayan an samu natsuwa, a duba ko akwai manhajar sarrafa na'ura daga nesa irin AnyDesk ko TeamViewer da ba ke kika ɗora ba; antibirus ba ya kama su don halal ne a asalinsu. A kuma sa wa kowa akawun ɗinsa na Windows da kalmar sirrinsa.

Idan ta ƙi fita

Sake bincike bayan kwana biyu, sannan bayan mako. Idan abu ɗaya yana dawowa, ko abin da aka kama Backdoor ne, ko Windows ɗin kansa na sata ne da aka cire masa Defender tun wajen ɗorawa, daina wahalar da kanka, a goge a ɗora sabo. Kwafe takardu da hotuna kawai zuwa wani faifai, ban da manhajoji da duk fayil mai ƙarewa da exe. Kwamfutocin gwanjo da yawa lasisin Windows na asali yana manne a cikinsu, da an ɗora irin wanda suka zo da shi aka haɗa intanet zai kunna kansa.

Haka muka yi da ta ƙanwata. Da muka je wurin mai gyara na ce masa, "Malam, don Allah Windows ɗin daga shafin Microsoft za a ɗauko, kuma kada a sa mata komai na kunna Office." Ya ce to da me za ta rubuta kundinta? Muka ɗora mata LibreOffice, wanda kyauta ne na halal, yana buɗe fayilolin Word yana kuma ajiye su a tsarin da malamanta ke karɓa. Kafin mu mayar da takardunta, sai da Defender ya bi faifan da muka kwafe su a kai daga farko har ƙarshe, ya kama fayil biyu a cikin foldar da ta ke zuba abin da ta karɓo daga kilen ƴan ajinsu.